Babur ya ƙi tashi: fitilar gwaji, mita, ko canjin kaya a wurin mai gyara?

Idan babur ya ƙi tashi kuma ana zargin wuta ce, hanya uku mutane suke bi. Akwai mai tura shi wurin bakanike a yi ta cire wannan ana sa wancan har Allah ya sa a dace. Akwai mai 'yar fitilar gwaji, ƙwan sigina ɗaya da waya biyu, yana bin layin wuta da ita gaɓa-gaɓa. Akwai kuma wanda ya sayi mita ta awon wuta, irin 'yar rawayar nan mai lamba DT830 da ake samu a shagunan kayan lantarki. Duk ukun suna aiki, kuma kowace tana da inda take yi wa mutum ƙarya. Wadda ka fara da ita ce za ta nuna ko kuɗin samfefa za ka kashe ko kuɗin sabon batir.

Kafin a ɗauko kowane kayan aiki, kunne yana raba gardama kyauta. Ciwo biyu ne daban ake kira "ya ƙi tashi". Na farko, ka danna sitata injin bai juya ba: ko ka ji shiru, ko "ƙas" sau ɗaya daga wajen batir, ko "ƙar-ƙar-ƙar" da sauri, ko injin ya yi nishi ya juya da ƙyar, ko sitata ta yi "wiii" ita kaɗai ba ta kama komai ba. Masu laifi a nan su ne batir, fiyus, makulli, maɓallin sitata, rile (makunnin da ke sakar wa sitata wutar batir), manyan wayoyi, da sitatar kanta. Na biyu, injin yana juyawa lafiya lau da sitata ko da kik, amma ya ƙi kamawa. A nan sai a dubi fulogi, hularsa, koyil (mai ƙara wa wutar fulogi ƙarfi), CDI (ɗan akwatin da ke sakar wa koyil wuta a kan lokaci), koyil na cikin magneto (inda inji yake samar da wutarsa) da wayar kashewa, idan ma ba fetur ne ko kafireta ba. Wanda sitatarsa ta ce "ƙas" ya je ya sayo CDI, ya zubar da kuɗinsa, domin CDI ba shi da hannu wajen juya inji ko kaɗan. Ita kuwa "wiii" ɗin nan, yawanci ba ma aikin wuta ba ne: kulocin sitata ne ya cinye yake zamewa.

Akwai abu na biyu da ya kamata kowane mai babur ya sani game da nasa. CDI iri biyu ne. Wani daga magneto yake shan wuta kai tsaye, masu gyara suna ce masa AC. Wani daga batir yake sha, shi ne DC. Idan ka saba tayar da babur ɗinka da kik alhali batir ya mutu murus, hon ba ya ko tari, to galibi naka na magneto ne, kuma batir ba shi da ruwa da rashin wutar fulogi. A babur mai DC kuwa, fiyus ɗaya ya ƙone za ka yi ta buga kik har gumi ya jiƙa maka riga ba ka ga tartsatsi ba. Hanyar tabbatarwa ita ce a buɗe makulli, inji a kashe, a duba wayoyin da ke shiga CDI. Idan an samu mai ɗauke da wutar batir a cikinsu, DC ne.

Bari mu fara da canjin kaya, tunda ita ce hanyar da ta fi yawa a bakin titi. Ba na cikin masu raina ta gaba ɗaya. Akwai wurare biyu da babu abin da ya fi ta. Fulogi yana iya ba da wuta a waje, idan aka ɗaura shi matsin iskar cikin inji ya hana shi, kuma babu mitar da za ta nuna maka haka. Fulogi mai kyau da ka san yana aiki shi ne alƙali. CDI ma haka. Akwati ne da aka toshe da roba, ba a buɗe shi, mita ba ta faɗin abin kirki a kansa. Idan an tabbatar duk abin da ke shiga cikinsa lafiya yake amma ba ya fitar da komai, sai a sa wani a gani. Amfanin hawa babur ɗin da ya cika gari ke nan, irin su Bajaj Boxer, Jincheng, Haojue ko TVS: ba ka rasa maƙwabci ko abokin sana'a da zai ara maka nasa na minti biyar.

Inda hanyar take cin kuɗin mutane shi ne wajen batir. Batir ya yi sanyi, aka sa sabo, babur ya tashi, kowa ya ce madalla. Bayan kwanaki sabon ma ya kwanta, domin tun asali rektifaya, mai daidaita wutar da ke shiga batir, ita ce ba ta caji, ko kuma tana caji fiye da kima tana dafa shi. Sabon batir ya rufe ciwon ne kawai na ɗan lokaci. Wata yaudarar ta fi wannan wayo. Mai gyara ya zare soket mai tsatsa domin ya cire tsohon koyil, ya sa sabo, ya mayar da soket ɗin, babur ya tashi. Zarewa da mayarwar ce ta kankare tsatsar, koyil bai taɓa yin laifi ba, amma sabon ne ya karɓi yabo, kai kuma ka biya. Sannan kayan da ke kasuwa hawa-hawa ne, daga na Indiya da Sin har waɗanda ke biyowa ta Nnewi: akwai na asali, akwai mai bi masa, akwai jabu. Sabon abu yana iya fitowa daga kwali a mace, sai a ce "to ba shi ba ne" a wuce zuwa wani wuri, alhali shi ne. CDI na AC da na DC kuma wani lokaci kamarsu ɗaya, soket ɗinsu ɗaya. A sa wanda bai dace ba, ko ya ƙi aiki ko ya ƙone. Don haka ƙa'idata a kan canji: a gwada da na aro kafin a saya, a canza abu ɗaya a lokaci guda, idan bai magance ba a mayar da tsohon.

Fitilar gwaji ba sai ka saya ba. Ka samu ƙwan sigina mai bolt 12, wat 10, da mazauninsa, ka haɗa masa waya biyu kowace kamar kamu biyu. Ɗaya ka sa mata maƙali mai haƙora, ɗayar ka ɗaure ta a jikin sifok ɗin taya da aka fere bakinsa, ka naɗe da salatif. Shi ke nan. Kada ka ɗauko testar wutar gida, mai kama da sukundireba. Ita sai wuta mai ƙarfi take kamawa, a bolt 12 ko ƙyaftawa ba ta yi. Masu ƙyalƙyalin nan na zamani masu ƙaramin ƙwan LED su ma ba su kai ta ƙwan sigina ba, kuma dalilin shi ne duk sirrin fitilar gwaji.

Ƙwan wat 10 yana jan kusan amfiya ɗaya, na wat 21 yana jan kusan biyu. Wato fitilar tana ɗora wa waya kaya. Wayar da ta gutsure saura silin tagulla ɗaya, ko soket da tsatsa ta cinye, za su nuna wa mita bolt 12 cif, domin mita kusan ba ta shan komai. Ka sa fitila a wurin sai ka ga ta yi ja-ja kamar za ta mutu, ko ta ƙi kamawa. Ba a sanin ƙarfin jaki yana tsaye a inuwa, sai an ɗora masa mangala. A kan layin makulli, fiyus, maɓalli da soket, fitila ta fi mita gaskiya, ta kuma fi ta sauri, domin idonka yana kan wayar da kake motsawa, haske kawai kake kallo ta gefen ido.

Ga yadda ake bi da ita idan an danna sitata an ji shiru. Ka fara gwada ta a kan batir, ka ga irin hasken da take bayarwa, shi ne ma'auninka. Ka sa maƙalinta a bodi, ka taɓa fiyus da bakinta ta gefe biyu. Gefe ɗaya haske ɗaya duhu, fiyus ya tafi. Fiyus ɗin ƙananan babura yawanci amfiya 10 ne ko 15, kuma wanda ya ƙone yana da dalili, kada a ɗaure shi da waya ko takardar sigari, abin da ke ƙone layin babur gaba ɗaya ke nan. Idan fiyus lafiya, ka buɗe makulli ka ga ko wuta tana fitowa daga cikinsa. Daga nan ka tafi rile, ɗan abin nan mai manyan noti biyu da ƙananan wayoyi biyu kusa da batir. Ka zare ƙananan wayoyin, ka sa fitila tsakaninsu, ka danna maɓalli. Idan ta kama, duk abin da ke baya lafiya yake, rile ne ya mutu. Idan ba ta kama ba, matsalar tana baya: maɓallin da ƙura da ruwa suka cika, ko ɗaya daga cikin ƙananan makunnan tsaro. Wasu babura sai an matse kuloci ko an sa a firi sitata take amsawa, irin su sukuta sai an matse birki, wasu kuma sai an ɗage jak na gefe. Mutane da yawa sun kwance sitata lafiyayya saboda ɗan makunnin da ke gindin hannun kuloci, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Idan "ƙas" kake ji, rile yana karɓar umarni, saura a ga ko wutar tana wucewa. Ka ɗora bakin fitila a kan notin da ke jikin sitata, wayarta tana ɗaure yadda take, maƙalin kuma a jikin inji. Danna. Haske tar, sitata shiru: ciwon yana cikin sitata, yawanci kabon ne ya cinye. Irin wannan ce ake ɗan ƙwanƙwasawa da sifana ta tashi, kwana biyu ta sake ƙi. Babu haske sam: rile yana ƙara amma cikinsa ya ƙone, ba ya haɗawa. Haske ya yi dishi-dishi: ko batir ba shi da ƙarfi, ko wata babbar waya ba ta kama da kyau ba, ko sitata ta cije.

Akwai dabarar da na fi so a duk aikin fitila, domin tana kama ɓarawon da ya fi kowa ɓuya. Ka maƙala ta a kan batir na baƙar waya, ka ɗora bakinta a jikin inji, ka danna sitata. A babur mai lafiya bai kamata ta kama ba, tunda wuraren biyu a haɗe suke. Idan ta yi haske ko kaɗan, wayar at, wato baƙar wayar da ke haɗa batir da bodi, ba ta kama ba. Ka bi baƙar wayar zuwa inda aka ɗaure ta a bodi ko a inji, ka kwance notin. Sau da yawa za ka tarar da zoben wayar ya yi kore, ƙarƙashinsa jar tsatsa gauraye da baƙin mai da ƙura, wani lokaci ma fenti ne aka shafa a wurin bayan an yi walda. Ka goge da samfefa har ƙarfe ya fito fari, ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris a sama. Kan batir ɗin ma haka: farin garin nan mai kama da kanwa da ke taruwa a jikin noti, shi kaɗai ya isa ya sa rile ya yi ta "ƙar-ƙar-ƙar".

Haɗa manyan notin rile da sukundireba, wanda kowane yaron gareji ya iya, gwaji ne mai kyau: idan sitata ta juya da ƙarfi, batir da sitata da manyan wayoyi sun fita daga zargi. Amma a tabbatar babur yana firi, yana kan jak na tsakiya, babu fetur da ke ɗiga kusa, domin tartsatsi yake yi sosai. Gwaji ne na daƙiƙa biyu, ba hanyar tayar da babur ta kullum ba.

To ina fitila take gazawa? Ba ta iya lissafi. Ido ba ya bambanta hasken bolt 12.6 da na 12.1, alhali tsakaninsu akwai batir cikakke da batir da ya sha rabi. Idan ka ba da wuta ka ga haske ya ƙaru, ka san ana caji, amma ba ka san ko cajin ya isa ko ya wuce gona da iri ba. Ba ta auna koyil. Sannan a babura na zamani marasa kafireta, masu ƙaramar kwamfuta da famfon fetur, kada a kusanci siraran wayoyin kwamfutar da ita. Kayan da take ɗorawa yana iya ƙone abin da ya fi batir tsada nesa ba kusa ba.

Nan mita take shigowa, kuma babbar darajarta a kan batir da caji take. Ka juya ta zuwa DC 20. Batir ɗin babur gida shida ne, kowane yana ba da kusan bolt 2.1. Wanda ya cika kuma ya huta, ba yanzu aka sauke shi daga caji ba, zai nuna 12.6 zuwa 12.8. A 12.4 ya fara raguwa. A 12.0 ya yi ƙasa ƙwarai, yana bukatar caji. Idan ka ga wajen 10.5 kuma caji bai ɗaga shi ba, gida ɗaya ya mutu, babu sauran magani sai sabo. Amma lambar batir yana zaune rabin labari ce. Ka bar bakunan mitar a kansa, ka danna sitata kana kallo. Mai lafiya zai sauko ya tsaya wajen 10 ko sama. Wanda ya faɗo zuwa 7 ko 6 bayan an cika shi da caji, ya gama yawo, ko da yana nuna 12.6 a zaune. Yawancin masu cewa mita ta yaudare su, wannan gwajin ne ba su yi ba.

Akasin haka ma labari ne. Ka danna, ka ji "ƙas", amma lambar ba ta motsa daga 12.5 ba. Batir ba shi da laifi, wutar ce ba ta fita. Sai ka bi ta da awon asara: baki ɗaya a kan batir na jar waya, ɗaya a notin sitata, ka danna. Abin da ya ɓace a hanya bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Ka maimaita tsakanin kan batir na baƙar waya da jikin inji. Nan ma ya kamata ya zama ƙasa da haka. Duk gaɓar da ta nuna bolt biyu ko uku, ita ce mai cin wutar. A lura, a ɗora bakin mita a kan dalmar batir kanta, ba a kan zoben waya ba, domin sau da yawa tsakanin su biyun ne matsalar take.

Sai caji, wanda shi kaɗai ya isa dalilin sayen mita. Ka tayar da babur, ka ɗan ba shi wuta sama da silo, mita tana kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ya tsaya a 12 da ɗoriya ba ya hawa, ba a caji: rektifaya, ko koyil ɗin caji a magneto, ko soket ɗin da ke tsakaninsu, wanda yakan narke ya yi baƙi. Idan ya haura 15 yana ci gaba, rektifaya ta saki, kuma za ka ga alamu: ƙwayayen fitila suna yawan ƙonewa, ruwan batir yana ƙafewa da wuri, batir busasshe yana kumbura. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, batir mai ruwa yana ƙafewa ko da caji daidai yake, balle an haɗa masa da rektifaya mai dafuwa. Idan ruwa ya yi ƙasa, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan leda ba. Batir ɗin da zafi ya gajiyar, sanyin hunturu ne yake tona masa asiri, da safe lokacin da baƙin mai ya yi kauri.

Mita kuma ita ce ke kama mai shan batir da dare. Ka kashe makulli, ka cire baƙar wayar batir, ka sa mita a awon amfiya tsakanin wayar da kan batir. A ƙaramin babur mai kafireta kusan sifili ya kamata ka gani. Idan akwai abin da ke ja, ka dubi abubuwan da aka ƙara: ƙararrawar ɓarayi, cajar waya da aka jona kai tsaye, rediyo, fitilun ado. Batir ɗin waɗannan babura ƙarami ne, da yawa ba su wuce amfiya 5 zuwa 7 na awa ɗaya ba, ba su da rarar ciyar da baƙi. Kada ka danna sitata mita tana wannan matsayi, domin sitata tana jan gomman amfiya. Kuma da ka gama ka mayar da jar wayar mitar ramin bolt. Wanda ya manta ya ɗora ta a kan batir tana ramin amfiya 10, zai ga hayaƙi.

A ɓangaren wutar fulogi, aikin mita yana da iyaka amma yana da amfani. Da farko dai gwajin ido: ka cire fulogi, ka sa shi a hularsa, ka jingina ƙarfensa da kan inji nesa da ramin, ka buga kik a inuwa. Shuɗin tartsatsi mai ƙara ake so. Fulogi irin C7HSA da D8EA da ke cikin yawancin ƙananan injuna, tazarar bakinsu milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Idan babu wuta, ka cire hular ka kusantar da bakin waya da jikin inji. Wuta mai lafiya tana tsallake kusan milimita 6. Ta yi tsalle, to hula ce ko fulogi. Hula mai kyau tana nuna wajen om 5,000 a mita (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wuta). Idan wutar ba ta yi tsalle ba, sai a zare wayar kashewa daga CDI. A babura masu bin tsarin launin Honda, wanda yawancin na Sin suka kwaikwaya, ita ce baƙa mai ratsin fari. Koriya at ce, baƙa mai ratsin rawaya tana tafiya koyil, baƙa mai ratsin ja tana kawo wuta daga magneto. Na Indiya launinsu daban ne, kada a bi wannan a kansu. A tsarin AC, kashe makulli yana haɗa wayar kashewa ne da bodi, saboda haka ruwan da ya shiga makulli a damina, ko bayan wanki da injin feshi, yana iya kashe babur alhali makulli a buɗe yake. Ka zare ta wuta ta dawo, ka gano mai laifi ba tare da ka sayi komai ba.

Koyil na cikin magneto ana auna su da om. Ƙaramin da ke ba da sigina yakan nuna wajen ɗari, babban da ke ciyar da CDI ɗaruruwa, amma lambar ta bambanta daga babur zuwa babur, don haka abin da ya fi shi ne ka auna na wani lafiyayye irin naka ka kwatanta. Abin da ba ya ruɗi shi ne koyil ya nuna a yanke, ko ya nuna sifili. Babur ɗin da ke tashi da safe, ya mutu idan ya yi zafi, ya sake tashi bayan ya huce, a auna shi da zafinsa, domin a sanyi lafiya zai nuna. Koyil ɗin fulogi kuwa yana iya ba da lamba mai kyau alhali wuta tana zurarewa ta cikinsa. Nan ma sai an koma ga na aro.

Mita mai araha tana da halayenta. Wayoyinta suna yankewa ta ciki, saboda haka a haɗa bakunan biyu a awon om kafin a fara, a ga abin da take nunawa ita kanta. Idan batir ɗinta na bolt 9 ya yi sanyi, takan ƙara lamba, har ka zargi rektifaya lafiyayya. In za ka saya, ka nemi mai ƙara idan waya ta haɗu, irin DT830D ko DT9205A, domin ba kullum kake da idon kallon allo ba.

To wa ya kamata ya ɗauki wace? Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu mai babur na kik zalla, wanda CDI ɗinsa daga magneto yake sha, bukatarsa ga mita kaɗan ce. Fulogi na ajiya, sifanar fulogi, guntun samfefa da fitilar gwaji a ƙarƙashin kujera za su fitar da shi daga yawancin abin da zai same shi a hanya. Ma'aikaci, ɗalibi ko uwargida mai roba-roba ko sukuta, masu dogaro da sitata, masu gajeriyar tafiya daga gida zuwa ofis wadda ba ta isa ta mayar wa batir abin da sitata ta ɗiba ba, su mita ce ta fi musu, domin ciwonsu kusan kullum batir ne da caji. Mai babur mara kafireta, mita kawai, sauran kuma a bar wa wanda yake da na'urar karanta kwamfutar. Mai gyara kuwa ba shi da zaɓi, dole ya haɗa duka: fitila, mita, da CDI da koyil da rile lafiyayyu na gwaji a cikin akwatinsa.

Idan kuɗin abu ɗaya gare ka, ni mita zan ce ka saya, tunda ba ta kai kuɗin batir ba, fitila kuwa da tarkacen gareji ake haɗa ta. Ka yi awon batir da caji da mita, ka bi layi da fitila, ka bar canji ya zo ƙarshe, a kan fulogi da CDI.

Ko ba ka da niyyar taɓa waya da hannunka, sanin waɗannan yana canza yadda za ka tsaya a gaban mai rewaya, wato mai gyaran wutar babur. Ka lura da abin da ya fara ɗauka. Wanda ya nemi ka danna sitata ya saurara, ya buɗe murfin gefe ya girgiza kan batir, ya ɗauko fitila ko mita, ka zauna. Wanda tun kafin ya durƙusa ya ce "Alhaji, batir ne, kawo kuɗi yaro ya sayo", ka ce masa, "To Oga, a ɗan jona da wani batir tukuna a tayar, mu ga abin da caji yake bayarwa." Mai gaskiya ba zai ji haushi ba, aikin minti biyu ne. Idan da batir ɗin mota za a jona, motar ta kasance a kashe.

In ta tabbata sabon batir ne, kada a zuba masa asid a ɗaura nan take. A bar shi ya zauna kamar rabin awa zuwa awa ɗaya ya sha, sannan a yi masa cajin farko a hankali, da kashi ɗaya cikin goma na girmansa: mai amfiya 5 a ba shi rabin amfiya, ba babbar cajar batir ɗin mota ba. Wajen cirewa baƙar waya ake fara kwancewa, wajen ɗaurawa ita ce ta ƙarshe. Kafin ka bar wurin, a tayar da babur a ɗora mita a gabanka, a kunna babbar fitila, a ba shi wuta, ka ga lambar ta haura 13 da idonka.